Tambaya da Amsa: Na karanto jinya da kiɗa a Ingila, ta ina zan kama a Jos?

Wasiƙun wannan fitowar duk sun taru ne a kan fanni ɗaya, wato jinyar marasa lafiya ta hanyar kiɗa da waƙa, da kuma fita ƙasar waje don karanto shi. Masu wannan aikin tare da wata ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi ne suka haɗa amsoshin.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na yi digiri na biyu a wannan fanni a Ingila, wata biyar ke nan da dawowata. A can ina da ɗaki nawa ni da majinyaci, da fiyano, da malamar da ke duba aikina duk mako. Nan na samu izinin aikin sa-kai a wani asibiti, a ɗakin mata masu shanyewar ɓarin jiki. Na je da jita na rera abin da na koyo, majinyata suka zuba min ido kawai, 'yan jinya suka kewaye ni, har wata dattijuwa ta kwance bakin zaninta ta miƙo min naira ɗari biyu. Na koma gida jikina a sanyaye. Karatun nan ya tashi a banza ke nan? *Daga wata mai karatu, Rayfield*

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Bai tashi a banza ba. Kaya biyu kika ɗauko daga can, ɗaya zai yi miki aiki a ko'ina, ɗayan na can ne. Na farkon shi ne tsarin aikin: a auna majinyaci, a sa buri guda wanda za a iya ƙirgawa, a yi aiki a kansa, a rubuta abin da ya faru, a sake aunawa. Na biyun shi ne waƙoƙin. Tsohuwar da ta tashi a Gangare ko Vom ba ta da abin da za ta tuna in ta ji waƙar da ta motsa tsohuwar Landan, kuma tunawar nan ita ce rabin aikin.

Dattijuwar da ta ba ki kuɗi ba ta yi laifi ba. A ƙasar Hausa wanda ya shigo taro da kayan kiɗa maroƙi ne, kuma kunya ce a bar shi ya fita hannu rabbana. Maganin wannan yana bakin ƙofa, tun kafin ki taɓa tsirkiya. Ki shigo da rigar aiki da katin shaida, likita ko ma'aikacin gashi ya gabatar da ke da bakinsa: “Wannan malama za ta yi aiki da Mama a kan tafiya.” Kada ki fara da ɗaki gaba ɗaya. Ki karɓi mutum biyu ko uku da aka turo miki a rubuce, ki zauna gefen gado, kuma duk zama ki rubuta layi uku ko huɗu a fayil ɗin majinyaciya kamar kowane ma'aikaci.

Zaman farko ba kiɗa a cikinsa. 'Yan jinyar nan da kike ganin sun tare miki wuri, su ne ma'ajiyar bayananki. Ki tambaye su garin da ta tashi, harshen da take addu'a da shi, sana'arta, abin da aka kaɗa a bikinta, tashar rediyon da take kamawa, da abin da take rerawa in tana daka ko niƙa ko lallashin jika. Abin da mutum ya ji tsakanin shekara 10 zuwa 30 shi ya fi zama daram a ƙwaƙwalwa, don haka ki lissafa shekarun ki nemo na lokacin. Sannan ki yi tambayar da ba a cika koyarwa a can da nauyin da take da shi a nan ba: wane irin sauti ne ba ta yarda da shi ba? A ɗaki ɗaya na asibitin Jos za ki tarar da Birom da Angas da Afizere da Anaguta da Tarok da Hausawa da Fulani. Wata waƙar coci ta Hausa ce za ta buɗe mata baki, wata sautin kundung, kayan kiɗan Birom na gida, wata kiɗan ƙwarya na amada. Kuma kada ki ɗauka duk Musulma za ta so bege da mandiri. A nan Jos aka kafa ƙungiyar Izala a 1978, kuma akwai gidaje da yawa da ba sa sauraren kayan kiɗa sam. Da irin wannan majinyaciya sai ki yi aiki da murya da tafi da ƙirga kawai, aikin kuma zai tafi. Goge da garaya ki bar su sai in ita ta nema, domin mutane da yawa suna danganta su da bori.

Garin nan ya ga rikici a 2001 da 2008 da 2010, kuma wasu da ke kwance a gadajen nan sun rasa 'ya'ya ko gida. Bugun ganga mai ƙarfi ba zato yana iya sa mutum firgita, waƙar da aka rera ranar jana'iza tana iya ɓarke kuka. In kin ga numfashi ya ƙaru, ta damƙe zanin gado ko ta juya fuska bango, ki sassauta ki tsaya, ki kira sunanta, ki bar ta ta dawo. Kada ki matsa wai sai ta amayar da abin da ke ranta, musamman a buɗaɗɗen ɗaki inda kowa ke ji.

Yanzu ga aiki biyu da za su sa likitoci su ɗauke ki da muhimmanci, domin sakamakonsu lamba ne.

Na farko gyaran tafiya da bugu, hanyar da Michael Thaut da abokan aikinsa suka bunƙasa a Amurka. Ba ke kaɗai za ki yi ba, sai da ma'aikacin gashi, shi zai duba hawan jini ya tsaya ta ɓangaren da ya shanye. Ku auna mita 10 a baranda mai daɗe, ku sa alama. Majinyaciya ta yi tafiyarta ba sauti, ki ƙirga takunta na daƙiƙa 30 ki ninka biyu. Lafiyayyen babba yana yin taku 100 zuwa 120 a minti, ita wataƙila ki samu 60. Ki saita manhajar ƙirga bugu ta waya a kan 60 ɗin nan daidai, ta fara jin sa a zaune tana buga ƙafa, sannan ta tashi ta taka a kansa. In ta kama shi ba tangaɗi, ki ƙara kashi 5 cikin ɗari, wato 63, can gaba ki kai kashi 10. A ƙarshen zama ki rage sautin a hankali har ya ɓace, ki ga ko ta riƙe takun da kanta, ki sake ƙirgawa ki rubuta. Minti 20 zuwa 30 ya isa, da hutu a tsakani.

Inda ake ɓata wannan aiki shi ne wurin makaɗi. Ƙarar waya ba daɗi, sai a ce a kira mai kalangu. To gwanin kalangu ba ya iya barin bugu tsirara, sai ya yi masa ado, ya matse tsirkiya ya sa gangar ta yi magana, in kuma ya ga mutum ya fara takawa sai ya ƙara wuta. Ƙafar da ta shanye tana neman bugu ɗaya ne wanda za ta san lokacin zuwansa. Kuskure na biyu kishiyar wannan ne: mai bugun ya tausaya, ya riƙa jiran ƙafar, sai ya zama shi ke bin ta. In za a yi da hannu, a kife ƙwarya ko bokitin roba, mai bugun ya sa abin ji a kunne ɗaya yana bin manhajar, bugu ɗaya taku ɗaya. In kika ga takun ya gajarce ko ƙafar ta fara jan ƙasa, kin yi sauri, ki koma lambar baya.

Na biyu dawo da magana ta hanyar rerawa, wadda likitoci a Boston suka bayyana a 1973. Ta dace da wadda ciwon ya taɓa ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwarta, tana gane abin da ake faɗa amma kalma ta ƙi fita. Ki zauna kina fuskantar ta, ki riƙe hannunta na hagu kina ɗan bugawa sau ɗaya a kan kowace gaɓa. Ki fara gunjin karin ba kalma, sannan ki rera kalmar, ku rera tare, ki janye muryarki a tsakiya ta ƙarasa, ta maimaita ita kaɗai, daga ƙarshe ki yi mata tambayar da kalmar ce amsarta. Sauti biyu kawai ake amfani da su, na sama da na ƙasa.

A nan ne dole ki gyara abin da aka koya miki. A Turanci sautin sama yana hawa gaɓar da ake dannawa. Hausa kuwa karin sauti ke rarrabe ma'ana. “Wuya” na jiki sama ne sannan ƙasa, “wuya” ta wahala ƙasa ce sannan sama. “Kuka” na hawaye sama da sama ne, “kuka” ta miya sama da ƙasa. In kika ɗora karin Turanci a kan kalmar Hausa, kin koya mata abin da mijinta ba zai gane ba. Ki bi karin kalmar yadda yake: “sannu” ƙasa, sama, “na gode” sama, sama, ƙasa, “ina kwana” ƙasa sannan sama uku, “ruwa” sama da sama. Ki kuma ja dogon wasali ki taƙaita gajere. In harshenta Birom ne ko Angas, su ma masu kari ne, sai ki sa 'yarta ta faɗi kalmar sau uku a hankali ki kwaikwaya kafin ki rera. Kalma biyar zuwa takwas da take buƙata kullum sun isa farawa, har da sunayen 'ya'yanta, kuma ki koya wa mai jinyarta ta riƙa yi da ita safe da yamma.

Abu ɗaya da kika baro can wanda bai kamata ki haƙura da shi ba shi ne mai duba aiki. Ki nemi tsohuwar malamarki ku riƙa ganawa ta intanet ko sau ɗaya a wata, ki kuma samu likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam a nan wanda za ki riƙa kai wa abin da ya shige miki duhu. Takardar shaidarki kuma ki kai ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja a tantance ta tun kafin ki fara neman aikin albashi.

Tambaya: Ina da digiri a ilimin halayyar ɗan Adam, ina kuma kaɗa fiyanon lantarki da ka, ban iya karanta rubutun kiɗa sosai ba. Wace ƙasa zan nufa, me zan tanada? *Daga wani matashi, Unguwar Rogo*

Amsa: Malam, hanyoyi uku ne suka fi fitowa fili. A Birtaniya sai da digiri na biyu, galibi shekara biyu, sannan hukumar HCPC mai kula da ma'aikatan lafiya ta yi maka rajista, ba wanda doka ta yarda ya kira kansa da sunan sana'ar ba tare da ita ba. Makarantar Guildhall da cibiyar Nordoff da Robbins a Landan suna koyarwa, haka Jami'ar Anglia Ruskin a Kambirij da Jami'ar Queen Margaret a Sikotilan. A Amurka, inda Jami'ar Jihar Michigan ta buɗe kwas na farko a 1944, ana buƙatar awa 1,200 na aikin asibiti, sannan jarrabawar hukumar CBMT mai ba da shaidar sana'ar, kuma ana sabunta shaidar duk shekara biyar. A can sai ka nuna hannu a murya da fiyano da jita da ganga, kuma mai digirin da ba na kiɗa ba yakan ci bashin darussan kiɗa masu yawa kafin a sa shi a layi. Ta uku ita ce Jami'ar Pretoria a Afirka ta Kudu, digiri na biyu da rajistar hukumar lafiya ta HPCSA. Mu dai da za ka bi shawararmu, ka fara duba wannan, domin asibitocinsu da unguwanninsu da yawan harsunansu sun fi kama da abin da za ka dawo ka tarar.

Kiɗa da ka ba aibi ba ne, a wurin gwaji ma riba ce, domin za a sa ka ƙirƙiri kiɗa nan take ka amsa wa wani da ke buga ganga yadda ya ga dama. Abin da ake kallo shi ne ko kana saurare ko kana nuna gwaninta. Amma makarantun Birtaniya sukan nemi ƙwarewa kwatankwacin mataki na 8 na jarrabawar kiɗa ta can a babban kayan kiɗanka, don haka ka ba wa karatun rubutun kiɗa shekara guda cur, ka kuma iya sauya waƙa zuwa sautin da ya dace da muryar wani. Ka nemi aikin sa-kai na wata shida ko fiye a makarantar yara masu buƙata ta musamman ko sashen masu taɓin hankali, ka karɓi takardar shaida. Masu neman da yawa a nan suke faɗuwa, sun iya kiɗa amma ba su taɓa zama da majinyaci ba.

Wurin kuɗi akwai ramuka. Tallafin karatu na Chevening da gwamnatin Birtaniya ke bayarwa na kwas ɗin shekara ɗaya ne, wannan kuwa na biyu ne, saboda haka ka karanta sharuɗɗa kafin ka ɗora rai. Bizar ɗalibi ta Birtaniya tana son kuɗin da za ka nuna su yi kwana 28 a jere a asusu, ranar da suka ragu ko da kaɗan ne lissafi ya koma farko. Sai gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi, akwai a Abuja da Legas. Tun Janairun 2024 mai irin wannan digiri ba ya tafiya da iyali. Aikin neman kuɗi awa 20 ne a mako lokacin karatu, kuma ranakun aikin asibiti za su cinye mafi yawansu. Ka sa kuɗin motar zuwa wuraren aikin a lissafi, da kuɗin ganin mai ba da shawara, domin wajibi ne ɗalibi shi ma ya zauna a kujerar majinyaci yayin horo. Ka tafi da takardar shaidar hali daga 'yan sanda, ba za a bar ka kusa da yara ba sai an binciki tarihinka.

Kafin ka tashi, ka zauna da iyaye mata da tsofaffin unguwa ka naɗi waƙoƙin reno da na daka da na gaɗa da izininsu, ka koyi riƙe kalangu ko gurmi. Malamanka na can ba su da wannan, kuma da shi za ka yi aiki in ka dawo.

Tambaya: 'Yata ta nace sai wannan karatu. Mu ba mu gaji roƙo ba, kuma ni abin da na sani na warkarwa da kiɗa shi ne bori. Ku faɗa min gaskiya. *Daga wani uba, Bukuru*

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma. Damuwarka tana kan hanya, kuma gara da ka tambaya. A bori ana kiɗa ne don a kira iska ta hau mutum. A wannan aiki ba a kiran kowa, ba a yi wa kowa kirari, ba a karɓar kari. Ma'aikaciyar lafiya ce da ke amfani da bugu da murya kamar yadda mai gashi ke amfani da sanda da madubi, likita ke turo mata majinyaci, kuma ba ta hana kowa shan maganinsa. Wanda ya ce maka kiɗa zai maye gurbin maganin hawan jini ko na farfaɗiya, ka guje shi.

Abin ba baƙo ba ne ga Musulmi. Asibitin da Sarki Bayazid na Biyu ya gina a Edirne ta ƙasar Turkiyya, wanda aka buɗe a 1488, yana amfani da kiɗa da ƙarar ruwa wajen kwantar da masu taɓin hankali. Duk da haka malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa, kuma mu ba masu fatawa ba ne. Ka je da ita wurin malamin da ka amince da shi, ta bayyana masa aikin dalla-dalla. Sai dai ka sani makarantun ba za su yaye ta ba sai ta iya fiyano ko jita, ko da daga baya ta zaɓi yin aiki da murya da tafi.

Ta fuskar abinci kuwa, kada ta ɗauka za ta dawo ta tarar da kujera tana jiran ta. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta buɗe ƙofa ga kula da mutane cikin mutunci, amma fannin nan jariri ne a ƙasarmu. Shawararmu ta fara yin digiri a aikin jinya, ko gashin ƙashi, ko halayyar ɗan Adam a nan gida, ta samu lasisi da aikin yi, sannan ta ɗora wannan a kai.

Tambaya: Jitar da aka kawo min daga Amurka ta tsage a watan Janairu, adaftar fiyanon kuma ta yi hayaƙi ranar farko. Me ya jawo, kuma da me zan yi aiki da yara? *Daga wata malamar yara masu galahanga, Farin Gada*

Amsa: Malama, hunturun Jos ne ya tsaga ta. Katakon jita yana son laimar iska kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, iskar Disamba da Janairu kuwa tana busar da shi har ya tsuke ya fashe. Ki riƙa ajiye ta cikin akwatinta a rufe, ki jiƙa soso ki matse shi sosai, ki sa a robar sabulu mai huji ki ajiye ciki, ki sake jiƙawa duk kwana biyu ko uku. Da damina ki cire soson, in ba haka ba ta yi fumfuna. Adaftar kuma an yi ta ne don wutar Amurka mai bolt 120, tamu 230 ce. Ki duba jikin kowace adafta, in ba a rubuta 100 zuwa 240 ba, kada ki soka ta sai da na'urar rage wuta. Mai aiki da batir ya fi miki kwanciyar hankali.

Ga yara, kayan roba sun fi, domin ana goge su da maganin kashe ƙwayoyin cuta, fatar ganga kuwa ba ta goguwa, sai dai a wanke hannu kafin da bayan taɓa ta. Sarewa da duk abin busawa kowane yaro da nasa. Caki kina iya haɗa shi da ƙaramar gorar ruwa da cokali biyu na shinkafa, ki liƙe murfin da gam ki naɗe da salatif don kada ya buɗe ya haɗiya. Yara masu wannan lalura da yawa ƙara tana yi musu zafi, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa desibel 75, wato awon ƙarfin ƙara, a matsayin ma'aunin saurare ga yara. Ki sauke manhajar auna ƙara a waya ki ajiye ta kusa da inda yaron ke zaune, ki shimfiɗa tabarma ko bargo a ɗakin siminti don rage amsa-kuwwa. In yaro ya toshe kunne, ki ajiye kayan ki koma murya ƙasa-ƙasa, ki bar cakin a gabansa har ya miƙa hannu da kansa.